Shekara Huɗun da Na Ƙara wa Ɗan Yayata

Ni na ƙara masa shekara huɗu, da hannuna, ina zaune a kan benci a ƙofar ofishin ƙungiyar manoman rani ta ɓangarenmu. Ban taɓa ɓoye wa kowa wannan ba, kuma ba yau zan fara ba.

Ɗan yayata ne, ɗanta na fari. Ana yaye shi aka kawo shi gidanmu wurin mahaifiyarmu, kamar yadda ake yi da ɗan fari a danginmu. Mu zaunannun Fulani ne ta wajen uwa. Shanun sun daɗe da ƙarewa, Fulatancin ma ya bi su, amma kunyar ɗan fari tana nan ba ta je ko'ina ba. Da tsohuwa ta rasu yana ɗan shekara bakwai, riƙonsa ya dawo hannuna. Da safe ina koyarwa a firamare, da yamma ina gona, shi kuma duk inda na sa ƙafa nan yake sa tasa.

Yaya ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi. In ya je gaishe ta sai ta juya ta kama wani aiki, ta amsa wa bango. In dole ta yi maganarsa, sai ta ce da ni "ɗan gidanka". Ya taɓa kwanciya ciwon shawara, ta aiko da jiƙo cike da kwalba, wai na yaran gidan ne gaba ɗaya, alhali lokacin ban ko yi aure ba, shi kaɗai ne yaro a gidan. Duk garin ana yaba mata, ana cewa irin matan da ne. Ni kaina har alfahari nake yi da ita.

Yana shekara sha shida ubansa ya rasu, ya bar kadada ɗaya a tsakanin Kura da Bunkure, can ƙarshen layi inda ruwan kanal ke isowa a gajiye. A ƙa'idar ƙungiya, ba a sa sunan yaro a jerin masu ranar ruwa, sai wanda ya cika sha takwas. In ba haka ba gonar ta shiga ƙarƙashin sunan baffanninsa, ni kuwa na san su, abin da ya shiga hannunsu ba ya fitowa. Sai na karɓi fom na cika masa. Wurin shekaru na rubuta ashirin. Da sha takwas na sa ma da ta wadatar, amma na ce bari in ƙara don kada wani ya tsaya gardama. Dogo ne, kafaɗa ta buɗe, babu wanda ya ko ɗaga kai ya dube shi. Aka ba shi kati mai hoto, ya riƙa yawo da shi a aljihu yana nuna wa abokai. Ko ni na tambaye shi shekarunsa, da murmushi yake cewa ashirin.

A ranin shekarar abin ya faru. Wanda bai yi noman rani a ƙarshen layi ba ba zai gane yadda ruwa ke haukata mutum ba. Kowa da ranarsa, amma na sama suna jefa buhun ƙasa a magudana su karkatar da ruwan, kai kana ƙasa kana kallon laka tana tsagewa. Tumatirinsa ya fara fure, zagaye biyu ke nan ruwa bai iso masa ba, ganye ya lanƙwashe, furen yana zuba. Maƙwabcinsa na sama magidanci ne mai 'ya'ya uku, kuma ba mugun mutum ba ne, shi ma albasarsa ce ke mutuwa. Ranar Talata da hantsi, ranar ruwan yaron, ya tarar da buhu a bakin magudana ya cire. Mutumin ya mayar. Ya sake cirewa. Mutumin ya kwaɗa masa mari a gaban masu ban ruwa, ya hankaɗa shi cikin laka, aka yi dariya.

Da a nan take ya rama, da labarin ya sha bamban. Bai rama ba. Ya tafi gida, ya wanke jikinsa, ya zauna wajen awa guda, sannan ya ɗauki fartanya ya koma. Mutumin yana sunkuye yana gyaran fangalin albasarsa, yaron ya sara masa a ƙeya, sau ɗaya. Kafin a kai shi asibitin Kura rai ya yi halinsa. Ina cikin aji ina koyar da jam'i da tilo aka zo aka kira ni.

Ba zan wanke shi ba. Ya kashe mutum, ya mayar da yara uku marayu, kuma ni na yi wa mamacin salla a sahun gaba ina jin idanun mutane a bayana. Abin da nake faɗa kawai shi ne yaro ne ya yi kisan, ɗan shekara sha shida. Amma da 'yan sanda suka tambaye shi shekarunsa ya ce ashirin, suka laluba aljihunsa suka sami kati ya gaskata shi.

Shekara huɗu ya yi a gidan yari yana jiran shari'a. Yau mai shari'a ya yi tafiya, gobe babu motar kawo fursunoni, jibi fayil yana wani ofis. Babu zaman da ban je ba. Na san kowane rami a hanyar Kano, na san mai shayin bakin kotu har ya daina tambayata yadda zan sha. A cikin shekarun nan yaron ya fitar da gemu, murya ta yi kauri, ya zama ƙato. Duk zuwan da zan yi in gan shi ya ƙara girma sai gabana ya faɗi, don lauyan da aka ba mu kyauta ya riga ya warware mini yadda abin yake.

"Malam, kisan nan babu gardama a kansa, kuma awa ɗayan da ya yi a gida ta mayar da shi na ganganci," in ji lauyan. "Abu ɗaya ya rage mana. In kotu ta yarda yaro ne ranar da ya yi, doka ba ta yarda a rataye shi ba. Za a tsare shi, kuma akwai ranar fita. In ta ɗauka babba ne, sai igiya."

Muka shiga neman shaida. A gida aka haife shi, babu takardar asibiti. Ungozomar ta rasu, mahaifiyarmu ta rasu, ubansa ya rasu. Na koma makarantarmu na buɗe sito, na tarar gara ta cinye rajistar shekarun. Ko da tana nan ma ba ta da amfani, don mu a lokacin ba ma tambayar ranar haihuwa, yaro ya ɗora hannu ta saman kai in ya taɓo kunne an ɗauke shi. Likita ya duba shi ya ce yanzu kam babba ne, amma ba zai iya rantsuwa kan shekara huɗu baya ba.

Sai ni na shiga akwatin shaida, na rantse, na ce sha shida. Lauyan gwamnati ya bari na gama tsaf, sannan ya ɗago fom ɗin ƙungiya.

"Malam, wannan rubutun wane ne?"

Na ce nawa ne.

"To ranar ka yi ƙarya, ko yau kake yi?"

Na ce ranar.

"Mutumin da ya yi ƙarya saboda ruwan kadada ɗaya, zai ƙi yi saboda ran ɗansa?"

Na sauko daga akwatin shaida. Da muka fito lauyanmu ya ce saura mutum ɗaya a duniya da kotu za ta saurara, wadda ta haife shi.

Na sami Yaya a tsakar gida tana tankaɗe. Na zauna a kan turmi na yi mata bayani dalla-dalla, har igiyar ban ɓoye mata ba. Ba ta ɗago ba. Can, tana kallon rariya, ta ce a hankali, "Ranar Alhamis ce, saura kwana tara Babbar Salla, shekarar da aka rufe ruwa ana yasar babban kanal."

Ban taɓa jin ta yi maganar haihuwarsa ba sai ranar. Ashe tana riƙe da ita har da ranar mako. Lauya ya yi murna, ya ce shekarar yasar kanal tana rubuce a ofishin masu ruwa, in ta faɗi haka bisa rantsuwa zai kawo takardar a haɗa, lissafi ya fito da kansa. Abin da ake bukata kawai ta ce ɗanta ne, ta faɗi ranar.

Sau uku muka gwada a ɗakinta. Ni ne lauya, ita ce shaida. "Yaya, wane ne wannan?" Sai ta juya wa bango fuska ta ce, "Ɗana ne." Muryar kamar ta mai zazzaɓi, amma tana fita. Na koma gida ina cewa an gama. Bai zo mini a rai ba in kira ko mutum biyu su zauna a ɗakin, in ga ko za ta iya a gaban ido. Ni da na tashi a cikin al'adar nan, ni ya kamata in fi kowa sani.

Ranar zaman kotu ta cika. Ga dangin mamaci, ga dattawan garinmu, ga yayyen mijinta su uku a benci na biyu, mutanen da ko abinci ba ta taɓa ci a gabansu ba. Ga shi kuma a tsaye cikin akwati, daidai saitin fuskarta, shekara huɗu rabon da ta gan shi. Tana shiga ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Shi ma ya sunkuyar da kai, don shi ma haka aka koya masa.

Lauyanmu ya tambaya, tafinta ya mayar da Hausa. "Kin san wanda yake tsaye can?"

"Ɗan gidan Malam ne."

"Mene ne tsakaninki da shi?"

Ta ƙara jan mayafin, sai lauyan ya sake tambaya.

"Ke kika haife shi?"

Ta kawar da fuska gefe. Sannan ta ce, "Haka ake faɗa."

Wallahi na ga wani dattijo a gefena yana gyaɗa kai, irin na yabo. A gida wannan ita ce amsar 'yar mutunci, ita ce amsar da mahaifiyarmu za ta so ta ji.

"Wace shekara aka haife shi? Wace rana?"

"Ban riƙe ba."

Tafinta ya juya shi da Turanci, kuma ina jin Turancin daidai gwargwado, na ji yadda maganar ta fita a bushe: shaida ba ta tuna ba. Mai shari'a Bahaushe ne mai furfura, ya san abin da yake gani. Ya cire tabarau, ya bar tafinta, ya yi mata magana da kansa.

"Baiwar Allah, nan ba zauren gida ba ne. Abin da kika faɗa shi zan rubuta, wanda ba ki faɗa ba ba ni da ikon rubuta shi. Ki natsu ki gaya mini."

 Leɓenta ya motsa, ya sake motsawa. Na ƙanƙame bencin gabana ina faɗa a zuci, Alhamis, Yaya, Alhamis kawai. Hawaye ya jiƙa mayafin har ya manne mata a kumatu. Abin da ya fito shi ne, "A tambayi Malam, shi ya riƙe shi."

Lauyan gwamnati ya miƙe ya ce ba shi da tambaya. Namu ya roƙi a ɗaga zama a sake kiranta, ɗayan ya ce shari'a ta shekara huɗu, kuma shaida ta riga ta yi magana bisa rantsuwa, ba za a mayar da ita gida a koya mata wata ba. Mai shari'a ya mayar da tabaransa ya yi rubutu mai tsawo.

A tasha na yi mata abin da har yau nake jin kunyarsa. A gaban 'yan kamasho da masu talla na ce mata ta kashe ɗanta, na ce ta je ta dafa kunyar ta ci. Yayata ce, ita ta goya ni. Ba ta ce ai kai ka rubuta ashirin ba, ko da yake tana da bakin faɗa. Ta ce, "Bakin ne ya ƙi, Malam. Ina ta turo maganar, ya ƙi." Muka shiga motar Kura.

Bayan wata biyu aka yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya. Muka ɗaukaka ƙara. Yaya ta dangwala yatsa a takardar rantsuwa mai ɗauke da ranar da shekarar, aka haɗa da takardar ofishin masu ruwa. Kotun sama ta ce lokacin kawo wannan ya wuce, an ba uwar dama a kotun farko ta ce ba ta riƙe ba.

Shekara sha biyu ke nan da hukuncin. Ba a rataye shi ba, don sai gwamna ya sa hannu, kuma ba a sa ba. Ba a kuma sake shi ba. Wanda aka ɗaure shekara goma yana da abin ƙirgawa, har ana rage masa wani abu in ya yi ladabi, iyalinsa su ce saura kaza, saura kaza. Namu ba shi da saura. Yana ɓangaren waɗanda aka yanke wa kisa, inda in aka ji takun ganduroba ya zo ba lokacin abinci ba kowa sai ya ɗauka shi aka zo ɗauka. Ya sauke Alƙur'ani a can, ya koyi ɗinkin hula, haƙoransa biyu sun fita, furfura ta fara fito masa a gefen kunne.

A layin ziyara na saba da wata mata daga wajen Madobi. Ɗanta ma kisa ya yi, da wuƙa, yana kusan sa'an namu. Ita tana da wani tsohon katin rigakafi da ta ajiye a ƙasan adaka, ɓera ya ci gefensa amma ranar haihuwa tana nan. Shekara bakwai ya yi aka sallame shi. Ranar da ta zo ɗaukarsa na yi mata barka da gaske, na sa masa albarka, na koma gida na kasa cin abinci. Hassada na yi mata, ba zan kira shi da wani suna ba.

Duk shekara ana fitar da sunayen waɗanda aka yi wa afuwa. Ina manna kunne a rediyo, in je in duba jerin da idona ko mai karantawa ya tsallake. Na rubuta takardun roƙo har na daina ƙirga su. Wani ma'aikaci ya ba ni shawara in samo takardar yafiya daga iyalin mamaci, wai tana taimakawa. Na sa babbar riga na je. Babban ɗan mamacin yanzu magidanci ne, shi ke noma gonar ubansa, na taɓa koyar da shi a aji uku. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo ruwa, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Malam, ku ai kuna zuwa ku ga naku." Na sha ruwan na yi masa godiya na tashi.

Yaya kuwa bakin ya buɗe, lokacin da ba shi da amfani. Duk wanda ya shigo garin da takarda a hannu, mai rigakafi ne, malamin gona ne, mai rajistar taki ne, sai ta tare shi a ƙofar gida. "Ɗana ne, ni na haife shi, ranar Alhamis, saura kwana tara Babbar Salla. Ka rubuta." Wasu su rubuta don su rabu da ita. Matan da ke yaba mata a da yanzu cewa suke ta zautu. Ba ta zautu ba, tana girkinta, tana sallarta a kan lokaci. Amma gidan yarin ba ta taɓa shiga ba. Sau biyu na kai ta, ta tsaya a bakin ƙofa ta miƙa mini ƙullin dambu ta ce ba za ta iya haɗa ido da shi ba, kuma wannan karon ba don al'ada ba.

A ziyarar da ta wuce na same shi a natse fiye da kullum. Muka gaisa ta tsakanin ƙarfe, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi ko an yi dashen shinkafa. Na fara ba shi labarin sabuwar takardar roƙon da nake shiryawa, sai ya ɗaga hannu.

"Kawu, bana na cika sha shida a nan. Daidai da wanda na yi a waje ke nan. Daga baɗi gidan nan ya fi ku daɗewa da ni."

Na ce ya yi haƙuri, Allah yana sane da shi.

"Na sani, Kawu. Ban ce ban yi laifi ba, kullum ina ganin mutumin nan. Amma na gaji da sauraron takun ƙafa. In shekara talatin ce su faɗa mini, in fara ƙirgawa daga yau. In kuma ba za su faɗa ba, to ka daina rubuta musu roƙon afuwa. Ka rubuta wa gwamna ka ce ni na roƙa, ya sa hannu a yi abin da kotu ta ce."

Na ce masa wannan ba maganar Musulmi ba ce. Ya ce ba kansa zai kashe ba, hukuncin da aka yanke masa yake nema a cika, kuma ba shi da wanda zai rubuta masa sai ni. Bai ɗaga murya ba, bai yi kuka ba. Ganduroba ya buga ƙarfe ya ce lokaci ya yi, shi kuma ya ƙi sakin hannuna.

"Ka yi mini alkawari, Kawu."

Na ce to, don ya sake ni.

Ban rubuta ba. Ban kuma iya ƙarasa takardar roƙon afuwar ba, tana nan rabi a cikin jakata. Ban gaya wa Yaya ba, jiya ma ta aiko a tambaye ni wace rana za ta yi dambun. Asabar mai zuwa ce ziyara, kuma abin da zai fara tambayata shi ne ko na aika.